Malam Danladi da Shingen da Aka Yi Don Ya Faɗi

Koci ya rasu.

Haka Yunusa mai keken haya ya jefo mini maganar, bai yi sallama ba, bai ko kashe injin ba. Ina ƙofar shagona a Tudun Fulani ina goge wani ƙyaure, ya leƙo da kai ya ce, "Baba Kafinta, Koci ya rasu. Bayan asuba, a gidansu na Maikunkele. Da hantsi za a kai shi." Na ce, "Wane Kocin?" alhali na san Koci guda ne a duk gefen Bosso. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ga shi ni ma na fara muku da labarin kafin gaisuwa, ku gafarce ni. Assalamu alaikum, jama'a. Ya muka ji da haƙuri?

Ga wanda bai san shi ba, sunansa Malam Danladi, tsohon malamin wasannin motsa jiki a makarantar sakandare. Bayan ya yi ritaya bai zauna a gida ba, ya ci gaba da tara yara kowace la'asar a filin wata makaranta da ke bayan unguwarmu, yana koya musu gudu da tsalle ba tare da wani ya sa shi ba. Ni kuwa sunana Haruna, kafinta ne ni, aikin jirgin ƙasa ne ya kawo mahaifina Minna. Na zama ɗalibin marigayi a makarantar dare, ni na yi masa kayan aikinsa na katako, kuma jikata Safiya ce ɗalibarsa ta ƙarshe da ya sa wa rai.

Da na dawo daga jana'iza na tarar Safiya ta wanke kambas ɗinta na gudu, ta ɗaure igiyoyinsu wuri guda, ta jefa su saman kabad. Ta ce, "Tsoho, na gama." A lokacin nan saura kamar wata guda a yi gwajin zaɓen waɗanda za su yi wa jiha wasa, wanda domin shi marigayi ya shafe damina biyu yana shirya ta. Na bar kambas ɗin a inda ta jefa su.

Na haura hamsin lokacin da na shiga ajinsa. Ina karanta Alƙur'ani, ina rubuta ajami, amma boko ko sunana ban iya ba. Shi aka roƙa ya riƙe ajin manya bayan magariba, domin sauran malamai sun ce sun gaji. Ranar farko na karya masa fensir biyu. Ya kama hannuna ya sassauta yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Baba, wannan ba guduma ba ne. Ka bar shi ya yi tafiyarsa." Na girme shi nesa ba kusa ba, saboda haka a titi Baba yake ce mini, amma da zarar mun shiga aji sai ya koma ce mini ɗalibi. Bai taɓa bari samarin ajin su yi wa dattijo dariya ba. In an tashi sai ya rako ni a ƙafa, mu riƙa tsayawa a gaban shaguna yana sa ni karanta abin da aka rubuta a allunansu, masu shago suna kallonmu kamar mun zo ƙiyasin haraji. Hausarsa irin ta mutanen ƙauyukan nan ce da suka tashi da yaren gida, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa, kuma bai damu ba ko kaɗan. Yakan ce, "In ka gane, ai magana ya ƙare."

Wata rana ya zo shagona ya tsuguna, ya zana mini wani abu da yatsa a cikin dusar katako. Ya ce shinge yake so, irin wanda yara ke tsallakewa suna cikin gudu, guda goma. Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Na nemo maɗaci mai nauyi, na yi wa kowane ƙafafu gaba da baya, na sa manyan ƙusoshi, na shafa mai har yana ƙyalli. Ina so malamina ya ga irin hannuna. Da ya zo karɓa na bugi ƙirji na ce, "Koci, wannan ko sa ya yi karo da shi, san ne zai ji jiki." Ya sa ƙafa ya tura ɗaya, bai motsa ba. Ya sake turawa da ƙarfi, ko girgiza bai yi ba. Sai ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Baba, katanga ka yi mini."

Na ce, "To, da na banza kake so?"

Ya ce, "Wanda zai faɗi nake so. Yaro ya buga wannan, sai asibiti. In ma ya warke ya dawo, da tsoro zai dawo, kuma mai tsoro ba ya gudu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Tun ina yaron shago aka koya mini cewa abin da kafinta ya yi ya faɗi, mutuncinsa ne ya faɗi. Ga mutum yana neman in zauna in ƙera abin da an yi shi ne domin ya faɗi. Bai yi gardama da ni ba. Ya cire rigarsa ya rataye, ya ɗauki zarto, muka wuni muna sare ƙafafun gefe guda. Ya nuna mini cewa ƙafafun suna fuskantar wajen da mai gudu ke tahowa, domin in an taɓa shingen ya kife gaba ya ba da hanya. Maɗacin da ya rage shi ya ce in yi benci da shi. A kan bencin nan muka zauna shekara da shekaru.

Safiya tana ƙarama aka fara aiko ta da abincina filin, in na je gyara masa wani abu. Mahaifinta direban babbar mota ne, yana hanyar kudu kusan kullum, don haka a hannunmu ni da matata Hajiya ta tashi. Yarinya ce da ba ta bin gada in akwai lambatu. Koci ya hango ta tana tsallake lambatun bakin fili da kwano a hannu, miya ba ta zube ba. Ya taɓa ni ya ce, "Yarinyar nan, ƙafarsa yana da hankali." Da na amince ya koya mata, sai ya kafa mini sharaɗi. Ya ce ba ya koya wa 'yar kowa sai da idon gidansu a wurin. Ko uwa, ko wa, ko kaka, wani ya zo ya zauna har a tashi. Wannan ƙa'idarsa ce ga kowace yarinya, kuma bai taɓa karya ta ba, ko da hakan ya sa ya rasa ɗalibai masu kyau. Aka ɗinka mata dogon wando da riga mai hannu, ni kuma na fara rufe shago da la'asar.

An yi surutu a unguwa. Wasu sun ce tsufa ya taɓa ni, wasu sun ce Koci ba shi da aikin yi. Da Allah ya ɗauki ran Hajiya, gida ya yi mini faɗi, kuma abokan zamana na da duk sun riga ni, sai na gane ashe wannan sharaɗin nasa ni ya yi wa rana. Ban taɓa gaya masa ba. Mukan zauna a bencin nan, ni a hagu shi a dama, mu ɓare gyaɗa, shi yana ihun "Oya!" wato a tashi a fara, ni ina ba shi labarin zamanin da jirgi ke tsayawa ana sauke goro. In yaro ya yi abin kirki sai in daki gwiwarsa, ya ce, "Ɗalibi, za ka karya malaminka."

Safiya ta yi shekaru tana tseren shinge. A gefenmu ba mai kama ta. Amma da aka fara kai su wajen gari sai ta riƙa zuwa ta uku, ta huɗu. Tsallakenta ya fi na kowa tsabta, sai dai akwai 'yan matan da Allah ya ba su sauri fiye da nata. Farkon daminar bara sai ga Koci ya iso fili da dogayen gora ɗaure a saman keken Yunusa. Ya ce zai mai da ta tsallen gora, wato mutum ya taho da gudu riƙe da doguwar gora, ya soka kanta a wani ɗan rami, ta ɗaga shi sama ya haye karan da aka gicciya.

Na ce, "Koci, amaryar tawa za ka rataye mini a sama? Tana cikin abin da ta iya, za ka kai ta abin da ko a talabijin ban taɓa gani da kyau ba."

Ya ce, "Ba sabon abu zan koya masa ba, Baba. Rabin aikin yana ƙafarsa tun da daɗewa."

Sai ya tashe ni daga benci, ya tsai da ni a gefen hanyar gudu, ya ce kada in kalli kan yarinyar, ƙafa kawai zan kalla. Ya sa ta tsallake shinge. Ya nuna mini yadda take gudu a miƙe, ƙugu a sama, gwiwa na tashi. Ya nuna mini cewa takunta iri ɗaya ne kullum, kamar mai daka da ta san bugun taɓaryarta, har ƙafar da za ta tashi da ita tana sauka a wuri guda ko sau nawa ta maimaita. Abin da ya fi jan hankalina a kai shi ne ba ta rage gudu in ta iso shinge. Tun da ɗan nisa take tashi da ƙafa ɗaya, ta tura gwiwa gaba, ƙirji gaba, kamar za ta shige cikin shingen ne, ba sama take nema ba. Daga nan shi da kansa, da furfurarsa, ya ɗauki gora ya taho a guje, ya soka ta a rami ya yi lilo ya dira cikin yashi. Ya tashi yana kakkaɓe wando yana haki.

Ya ce, "Ka ga ƙafata? Da wanda ka gani ɗazu, akwai bambanci?"

Babu. Gudun ɗaya ne, tashin ɗaya ne. Ya ce mai tsallen gora shi ma gaba yake tura kansa, gorar ce ke mai da gudun nan hawa sama. Wanda ya yi birki kafin rami, gora ba ta da abin da za ta ɗaga shi da shi, sai ta dawo da shi inda ya fito. Ya ce ɗan tseren fili zalla sai an shekara ana koya masa ya tunkari abu a guje bai ƙifta ido ba, amma mai tseren shinge ya riga ya saba. Abin da ya rage wa Safiya shi ne ƙarfin hannu da iya juya jiki a sama, ƙafa sama kai ƙasa. Game da hannu kuwa ya ce, "Wanda ke jan guga a rijiyar gidanka kullum, bai da matsala."

Ba mu da kayan da ake gani a manyan filaye, amma marigayi bai taɓa wasa da lafiyar ɗan mutane ba. Gorar da kansa yake sarowa a bakin rafi, ya shanya ta a inuwa, ya gasa ta sama-sama a wuta. Kafin a fara kowace rana sai ya ƙwanƙwasa ta daga gindi har kai, kunnensa a jikinta. In ya ji sautin da bai gamshe shi ba, nan take zai taka ta ya karya, don kada wani yaro ya ɗauka bayan idonsa. Wurin dira kuwa buhunan dusar katako muka tara, nawa da waɗanda ya roƙo a wurin masu katako na Maitumbi, muka ɗora tsofaffin katifu a kai. Karan gicciye daga gonarsu yake kawowa, karan dawa ne dogo mara nauyi. Da ya ce in yi sanduna biyu da za a ɗora karan, ban jira bayani ba, na kafa ƙusoshin ta bayan sandunan yadda kara zai zame ya faɗi in an taɓa shi. Ya zagaya ya duba ya ce, "Ɗalibi ya ci jarrabawa." Na fi jin daɗin wannan kalmar fiye da takardar da aka ba ni a makarantar dare.

Safiya ta kama abin da wuri, muddin kara yana ƙasa-ƙasa. Amma akwai wata ƙusa da Koci ya buga da hannunsa, can sama da kan dogon mutum, ya ce wadda ba ta haye nan ba kada ma ta wahalar da kanta zuwa gwaji. Da zarar an ɗora kara a wurin nan sai yarinyar ta canza. Za ta taho kamar iska, sai dab da rami ta daddatse takunta, ta saki gora ta faɗa kan buhu da ciki. Haka aka yi ta yi wata da watanni. Ni har nakan ƙosa in ce, "Amarya, in miji kike tsoro ga ni nan a zaune, ba a sama nake ba." Shi kuwa bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai ya ɗauko gorar ya share ta da rigarsa ya miƙa mata. A benci ya ce mini, "A kan shinge ƙafarsa ba ya shawara da kowa. A nan kuwa kai ne ke shiga maganar."

Zamanmu na ƙarshe ya ce ya samo dabara. In yi masa ƙananan shingaye, tsayinsu kada ya wuce idon sawu da ɗan wani abu. Zai jera mata su a kan hanyar gudu har kusa da rami, ta bi ta kansu da gora a hannu. Ƙafa za ta ɗauka tseren shinge take yi, ba za ta sami wurin daddatsewa ba, kafin tsoro ya farga an riga an wuce. Na tambaye shi nisan da za a bari tsakaninsu, ya ce in bari sai ya dawo daga haƙar doya, zai nuna mini a fili. Ya tsai da keke, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Sai Litinin, ɗalibi." A gona ciwon kai ya kama shi. Hawan jini ne, in ji iyalinsa, ya daɗe yana fama da shi bai gaya wa kowa ba.

Wurin jana'izarsa na ga abin da ban sani ba. Na zaci mu kaɗai ne muka san darajarsa. Sai ga tsofaffin ɗalibansa, wani da kakin soja, wata da goyo, wani ya taso tun daga Suleja. Yayansa, wanda dattijo ne a cocinsu, yana tsaye a gefe da mutanensa har muka idar da salla, sannan muka ɗunguma maƙabarta tare. Ranar sadakar uku matarsa, Mama Asabe, ta kira ni ta nuna mini gora uku a jingine a bayan ɗakinsa. Ta ce, "Baba, ka tafi da su. Duk fitar da zan yi sai na gan su." Na ɗaure su a saman keken Yunusa, muka dawo gida.

Makonnin da suka biyo baya ban ga irinsu ba tun rasuwar Hajiya. La'asar na yi sai hannuna ya rufe shago da kansa. In je fili in zauna a gefena na benci. Yaran da yake koya wa sun watse, 'yan ƙwallo sun mamaye wurin, ciyawa ta fara cin hanyar gudu, awaki suna jan bakin buhunan. Nakan sayi gyaɗa kamar kullum, in ɓare, in ga ta yi mini yawa. Ba wanda ya san me ya kawo tsoho wurin, ba kuma wanda ya tambaya. In rana ta faɗi in tashi in tafi masallaci.

A gida ma shiru ne. Safiya tana girki, tana shara, tana zuwa makaranta, amma ta daina tsokanata. Wata rana na ce, "Amarya, wannan tuwon ba gishiri a miyarsa. Ko dai in sake ki ne in nemo wata?" Da can da ta ce wa zai kwashi tsoho mai warin katako. Ranar nan sai ta ajiye ludayi ta ce, "Tsoho, Koci bai taɓa ganin na haye ba. Ko sau ɗaya. Ya tafi yana ganin ni matsoraciya ce." Na ce ba haka ba ne, na gaya mata duk abin da yake faɗa a kanta a benci. Ta saurare ni har na gama, ta ɗauke kwano ta fita. Kambas suna nan a saman kabad.

Ƙananan shingayen nan kuwa na riga na yanka katakonsu tun yana da rai, kuma ban saba barin aikin mutum a rabi ba, ko yana nan ko ba ya nan. Na harhaɗa su. Ba ni da wata dabara a raina, so nake kawai in kai su inda ya ce a kai. Da yake sun yi mini yawa, na ce wa Safiya ta taya ni ɗauka. Ta biyo ni da zane da silifa, ta zube su a bakin fili, ta zauna a ƙarshen benci ta juya wa wurin tsalle baya.

Na cire ciyawar hanya. Na ɗauko tef ɗin awo da igiya, na ja layi miƙaƙƙe, na jera su tsaf, tazarar kowane daidai da ta ɗan'uwansa, ko yatsa babu bambanci. Na ja da baya ina kallon aikina, har na ji a raina Koci zai yaba.

Sai na ji muryarta a bayana. "Tsoho, me kake yi haka?"

Na ce, "Abin da malaminki ya ce."

Ta ce, "Haka ya ce ka jera su kamar katakon rufin ɗaki? Wa ka taɓa gani ya fara gudu da dogon taku? Na farko gajere ne, sannan ya riƙa buɗewa. In na bi wannan ai a na biyu zan kife."

Na ce, "To ni tef ɗina bai san wannan ba."

Ta yi tsaki ta taso. Ta ture na farko da ƙafa, ta jawo na biyu, tana aunawa da tafin ƙafarta, dunduniya a bakin yatsa. Ta tsaya ta duba, ba ta gamsu ba. Ta cire silifa, ta kwance zane, ashe da dogon wandonta a ciki, ta koma baya ta taho a guje ta kansu. Ta kifar da biyu, ta dawo ta matsa su, ta sake. Ni dai na koma benci na kama bakina, ina tsoron in yi tari ta tuna cewa ta gama. Har aka kira magariba tana gyara. A hanya ta ce, "Gobe kada ka taɓa mini su. Ka ji ko, tsoho?" Na ce na ji. Da safe na duba saman kabad, babu komai.

Ta yi kwanaki tana bi ta kansu hannu sake, sannan ta ɗauki gora. Ni ke ƙwanƙwasa mata gorar yanzu, kunnena a jiki, kamar yadda na ga yana yi. Shekaranjiya da la'asar ta ce in hau benci in ɗora kara a ƙusar Koci. Na ɗora, na sauko na zauna. Ta je can farkon hanya ta tsaya, ta ɗaga gora, ta daɗe ba ta motsa ba. Sai ta ɗago murya ta ce, "Tsoho, ka ce wani abu mana!" Ihun Koci nasa ne, ban ara ba. Na ce, "Bismillah, amarya."

Ta taho. Ƙafar nan ta bi ta kan ƙananan shingaye ɗaya bayan ɗaya, ba ta daddatse ba, ba ta rage ba, ta soka gora ta tashi. Na ga tafin kambas ɗinta yana kallon sama, na ga ta juya, na ji faɗuwarta a kan katifa. Kara yana nan a wurinsa, ko girgiza bai yi ba. Jama'a, jikata ta haye! Na jefa hulata sama, na yi kabbara har 'yan ƙwallo suka tsai da wasa. Na kai hannu dama in daki gwiwar Koci, sai tafina ya sauka a kan katako. Safiya tana kwance a kan buhu ta rufe fuska da hannu biyu. Na bar ta. Da ta huce ta sake hayewa har sau biyu, don kada a ce sa'a ce.

Ban sani ba ko za a zaɓe ta. An ce a wurin gwaji da wata irin sanda ake yi mai lanƙwasa, wadda ba ta taɓa riƙewa ba. Wannan na Allah ne. Amma za ta je, kuma yara huɗu daga cikin waɗanda suka watse sun dawo, ita ke jera musu shinge.

Ya Allah, ga bawanka Danladi ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya tausaya wa 'ya'yan mutane, ya sauƙaƙa musu abin da suke tsoro, ka sauƙaƙa masa tambaya da hisabi. Ka sa karatun da ya koya wa tsofaffi da tarbiyyar da ya ba yara su zama sadaka mai gudana a gare shi. Ka ba Mama Asabe da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin rashinsa, ka tsare musu mutuncinsu, ka buɗa musu ta inda ba su zata ba. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.

Ranar Asabar mai zuwa bayan sallar la'asar Safiya za ta yi tsallenta na ƙarshe a filinmu kafin ta tafi. Mama Asabe ta ce za ta zo, na kuma ajiye mata gefen dama na benci. Mutanen Tudun Fulani, da na Maikunkele, da tsofaffin ɗalibansa duk inda kuke, har da waɗanda suka ce tsufa ya taɓa ni, ban riƙe kowa ba. A rayuwarsa mu biyu ne kawai muke kallon tsallenta. Ku taho da tabarminku, ku zo ku ga aikin Malam Danladi.